Masaukin Taron Shekara: Tsakanin Zuhudu Da Sakaci

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, hanyoyin ƙauye suka bushe har mota ta iya ratsa fadamun da suka gagare ta da damina, duk mai bin hanyoyin Adamawa da Filato da Gombe da kudancin Kaduna ba zai rasa cin karo da wata irin mota ba, wadda aka cika maƙil da mata sanye da zane iri ɗaya, aka ɗaure tabarmi da bokitai da buhunan masara da itacen girki a bisanta, waƙa tana isowa kunne tun kafin a hango ta. Waɗannan su ne masu zuwa taron shekara na ikilisiya, wanda kowace ɗariƙa ta Kirista take yi a lokacinta, wasu kafin Kirsimeti, wasu a tsakiyar hunturu, wasu kuwa dab da Ista. Za su yi kwana uku ko huɗu ko mako guda suna sauraron wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki, kana su koma gida da abin labari. Amma wanda ya zauna da su bayan dawowarsu zai lura da cewa, da zarar an gama yabon mai wa'azi da ƙwarewar mawaƙa, hira ba ta jimawa sai ta gangaro kan masauki: inda aka kwana, da yadda aka sami ruwa, da irin wuyar da aka sha wajen kewayawa.

Ra'ayina, a matsayin wanda ya saba halartar irin wannan taro, shi ne wahalar da ake sha a can kashi biyu ce, ko da yake an saba haɗa su a kira su da suna ɗaya. Akwai wadda take tarbiyya ce ga rai, wadda ya kamata a riƙe da hannu biyu a gadar wa 'ya'ya da jikoki. Akwai kuma wadda ba kome ba ce face sakacin masu shirya taro da aka lulluɓe da rigar ibada, wadda kawar da ita wajibi ne. Na kuwa zaɓi in kawo zancen a jaridar kowa da kowa domin 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda suka san kwanan Mina da cinkoson Mauludi da tarurrukan wa'azin ƙasa, ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala, kuma cutar da ta tashi a sansanin taro ba ta tambayar addinin mutanen garin da ya sauke shi.

Asalin waɗannan tarurruka yana komawa ne ga zamanin da masu bi suke 'yan tsiraru, warwatse a ƙauyuka, wani ƙauyen gida biyu ko uku, ba su da fasto sai wani mai bishara da yakan zagayo jefi-jefi. A 1913 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, ya sauka a Numan, kuma daga aikin da ya fara ne ikilisiyar LCCN ta tsiro, wadda har yau take tara jama'arta kowace shekara a Demsa. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser, mutanen Amurka, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo tushe, wadda hedikwatarta take Kwarhi kusa da Mubi, kuma take kiran babban zamanta na shekara Majalisa. Aikin Mishan na SIM kuwa, wanda aka soma a 1893, shi ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954. Mutanen da suka shiga irin waɗannan ikilisiyoyi, Bachama da Bura da Margi da Kilba da Ngas da Berom da Tangale da Bajju da sauransu, kowa da harshensa, ba abin da ya haɗa bakinsu kamar Hausa, musamman bayan da aka kammala buga Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Saboda haka taron shekara ya zama musu makaranta da majalisa da wurin sada zumunta gaba ɗaya, inda mutumin da ya shekara yana jin shi kaɗai ne a ƙauyensu yake ganin dubban irinsa da idonsa. A lokacin nan da ƙafa ake zuwa, ko a kan keke, masauki kuwa ba ya wuce zauren mai gida ko rumfar zana da aka kafa jiya, kuma ba wanda ya ga aibin haka, gama a gida ma a kan tabarma ake kwana.

Wanda bai taɓa kwana a irin masaukin da aka fi sabawa da shi yau ba, bari in nuna masa ɗaya. Makarantar firamare ce aka aro a lokacin hutu, an tura bencina jikin bango, an rubuta sunan kowace gunduma da alli a ƙofar ajin da aka ba ta. A ajin maza tabarmi sun haɗu baki da baki har ba inda za ka sa ƙafa sai ka ce gafara. An ja igiya daga taga zuwa taga an rataye riguna. A lungu guda akwai wayar wuta ɗaya tak da aka jawo daga janareta, wayoyin hannu sun yi mata rubdugu, kowa yana gadin tasa da wutsiyar ido. Hayaƙin maganin sauro ya gauraye da ƙurar alli. Wani tsohon hedimasta yana kwance kafaɗa da kafaɗa da wani saurayi mai gyaran babur, sun raba bargo ɗaya domin saurayin bai zo da nasa ba; wani ma'aikacin banki ya naɗe takalmansa cikin riga ya yi matashi da su; waɗanda ba su sami wuri ba sun shimfiɗa buhu a gindin dalbejiya suna ta muhawara a kan ayar da aka yi wa'azi a kanta da yamma. Can gefen mata kuwa 'yan Zumuntar Mata ba su ko kwanta ba, suna gyara muryar waƙar gobe a hankali, wasu suna tankaɗen garin tuwo. Kafin gari ya waye an buga ƙararrawar addu'ar asuba, kowa ya miƙe da ciwon haƙarƙari, amma ba ka jin gunaguni.

Wannan kashi na wahala ni ina bayansa, ba kuma zan so ranar da za a rasa shi ba. Dalili kuwa, a duk sauran kwanakin shekara duniya tana jera mutane bisa ga abin hannunsu, har a cikin majami'a ma akwai kujerun gaba da na baya. Amma idan dare ya yi a ajin nan, hedimasta da mai gyaran babur sauro ɗaya yake cizonsu, sanyi ɗaya yake ratsa su, kuma mutumin da ka raba bargo da shi da wuya ka raina shi in kun haɗu a kasuwa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma abota da sulhu da auratayya da yawa tsakanin ƙabilun da a dā ba sa ga maciji da juna a bakin murhun taro aka ƙulla su. Wannan hikima ba sabuwa ba ce: a Attaura an umarci Banu Isra'ila su bar gidajensu kwana bakwai kowace shekara su zauna a bukkoki, domin kada ƙoshi ya mantar da su zaman jeji bayan fitarsu daga Masar; haka kuma alhaji, ko sarki ne ko talaka, yakan tuɓe tufafin alfarma ya ɗaura harami ya kwana a filin Muzdalifa. Addinan biyu sun yi ittifaƙi a kan cewa jikin da bai taɓa ɗanɗana ƙunci da gangan ba, zuciyar da ke cikinsa takan yi taurin kai.

Sai dai zuhudu yana da sharaɗi, shi ne mutum ya zaɓe shi da kansa, yana da ikon barinsa, kuma kada ya kai ga halaka jiki ko zubar da mutunci; abin da aka ɗora wa wani dole saboda an yi kasala wajen tanadi, wannan sunansa zalunci, ko da wanda aka ɗora wa ya haƙura ya sami ladan haƙurinsa. A wani taro, wanda ba zan ambaci wurinsa ba, na ga wata dattijuwa zaune a inuwar bango da azahar, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, ga zafin bazara ya fara kankama. Na miƙa mata ledar ruwa na ce, "Mama, ga ruwa ki sha." Ta girgiza kai ta ce, "A'a, ɗana, bar shi. In na sha, ina zan kewaya?" Ashe masai biyu ne kacal a makarantar, sun cika tun ranar farko, bayan gari kuwa fili ne fetal ba ko kalgo, saboda haka ita da tsararrakinta suka yanke shawarar ƙin shan ruwa da rana, su jira duhu ya rufa musu asiri. Wanda zai kalli wannan baiwar Allah ya ce mata ai wahalar taro lada ce, alhali shi da kansa akwai banɗaki a ɗakinsa, ya san a ransa ba gaskiya yake faɗa ba.

Littattafan da muke karantawa a taron su ne farkon masu kafa mana hujja. A sura ta 23 ta Maimaitawar Shari'a an umarci jama'a su keɓe wuri a bayan zango domin biyan bukata, kowa ya riƙe abin haƙa a cikin kayansa, ya tona ya binne, kuma dalilin da aka bayar shi ne tsarkin zangon da Ubangiji yake cikinsa; ashe tanadin masai hukunci ne na shari'a tun kafin a san likitan Turawa. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni kuwa, da aka yi ƙorafi cewa ana tsallake wasu gwauraye mata wajen rabon abinci na yau da kullum, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Sai suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai masu mutunci da hikima, Istifanus yana cikinsu, aka ɗora musu hannu aka danƙa musu aikin. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san cewa a littattafan Ishmawi da Ahalari da Risala babin tsarki yana gaba da babin salla. To, ta ina muka samo wannan ɗabi'a ta naɗa manyan malamai kwamitin wa'azi da na baiko, sa'an nan a bar kwamitin masauki da tsafta a hannun samari biyu da ba a ba su ko sisi ba sai ana jibi taro?

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin agaji na duniya suka amince da su, waɗanda ake kira Sphere, sun ƙayyade cewa ko a sansanin 'yan gudun hijira mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 15 ta ruwa a yini domin sha da girki da tsafta, masai ɗaya kuma ga mutum 20, ko ga mutum 50 a farkon lalura kafin al'amura su daidaita, kuma a nisanta ramin masai da rijiya da kamar mita 30. In muka ɗauki taron mutum 5,000, wanda a wajenmu matsakaici ne, za mu ga yana bukatar lita 75,000 kowace rana, watau jarka mai lita 25 guda 3,000, da masai 100 bisa mafi sassaucin ƙiyasi. Duk sakataren da ya taɓa shirya taro ya gwada wannan adadi da abin da ya tanada, ya ga ko bai kamata gumi ya karyo masa ba. Abin kunya ne a ce mutanen da yaƙi ya kora an yi musu ƙa'idar da ba mu yi wa iyayenmu mata da muka gayyato da wasiƙa ba, alhali ranar taro ba ta zuwa ba zato. An san ta tun bara.

Haɗarin da ke cikin wannan sakaci ya wuce rashin jin daɗi. Yawancin tarurrukan nan suna faɗawa ne a rani, tsakanin hunturu da bazara, lokacin da sanƙarau yake yawo, cutar da take bin numfashi a ɗakin da aka cunkushe aka rufe tagogi. Masu shekaru ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. Amai da gudawa kuwa ba su bukatar kome sai rijiya ɗaya da ƙazanta ta gangara cikinta. Sai kuma wuta, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai ta tashi: rumfunan zana a jere, murhu a kowane lungu, iskar hunturu tana kaɗawa. A 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina ta halaka alhazai fiye da 300, kuma hukumomin Saudiyya ba su tsaya ga cewa ƙaddara ce ba. Sai suka sauya tantunan da waɗanda ba sa kama wuta. Alhaji har yau a tanti yake kwana, ibadarsa ba ta ragu da kome ba, abin da ya ragu shi ne yawan gawa. Wannan darasi ne da ya dace mu ara ba tare da jin nauyi ba.

Idan aka tambaye ni musabbabin dawwamar wannan hali, ba zan ce talauci ba, ko da yake talaucin yana nan. Zan ce masu yanke shawara sun daina kwana inda jama'a take kwana. A 'yan shekarun nan an wayi gari da zarar an yi addu'ar rufewa da dare, sai jerin motoci ya kwashi manyan baƙi da wasu shugabanni da masu hannu da shuni zuwa otal a cikin gari, su dawo da safe fes, su hau mumbari su yaba wa jama'a saboda juriya. Mutumin da bai tsaya layin ruwa da bokiti a hannu ba, in an zo kason kuɗi, lasifika da kujerun alfarma da adon dandamali zai fara tunawa, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba. Abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta cika damuwa da shi ba. Wasiƙar Yakubu ta yi kashedi mai zafi game da bai wa mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye, kuma ban ga bambanci tsakanin wurin zama da rana da wurin kwana da dare ba.

Za a ce mini, kuma da gaskiyar masu cewa, akwai tsofaffin limamai da marasa lafiya waɗanda kwanan ƙasa zai illata, kuma sha'anin tsaro ya cinye kaso mai tsoka na kuɗin taro, musamman a Arewa maso Gabas, inda a watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke Kwarhi har shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos na wani lokaci. Na yarda da duka biyun. Amma rangwamen da za a yi wa tsoho a yi shi saboda tsufansa, ya kuma haɗa da tsohuwar da ta zo daga ƙauye a bayan akori-kura, wadda ita ce ta fi kowa cancanta da katifa. Tsaro kuwa bai cika ba in an tsare ƙofa da 'yan sanda aka bar mata suna fita jeji da tsakar dare. Wasu kuma za su nuna mini Kudu, inda sansanin cocin RCCG da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, mai karɓar taronsu na watan Agusta, ya zama gari sukutum da gidaje da makarantu da bankuna da wutar lantarkinsa. Wannan himma ce abar yabo, amma ikilisiyar manoma ba ta da irin wannan ƙarfi, ba ta kuma bukatarsa. Abin da take bukata bai wuce rijiyar burtsatse da tankuna da ramukan masai masu murfi da shingen zana, da ɗaki ɗaya mai ma'aikacin lafiya da ruwan gishiri da sukari ba.

Saboda haka shawarata ga majalisun ikilisiyoyi ita ce, a fitar da kason ruwa da tsafta da magani tun farko kafin a taɓa kuɗin ado, a kuma ba shugabannin Zumuntar Mata jagorancin kwamitin masauki da ikon kashe kuɗinsa, tun da su ne mafi yawan mahalarta, su ne masu girki da goyo, su ne kuma suka san inda abin yake ciwo. Kowace gunduma ta aiko da adadin masu zuwa da wuri, in wuri ba zai ɗauka ba a raba taron shiyya-shiyya, gama yawan kai ba shi ne alamar albarka ba. A bar tazara tsakanin rumfuna, a keɓe wurin girki gefe guda. Shugabanni masu lafiya kuwa su mayar da shi al'ada su shimfiɗa tabarmarsu cikin jama'a, ko da dare ɗaya ne. Na tabbata masai zai ƙaru kafin baɗi. Gwamnatocin jihohi ma, waɗanda suke kashe kuɗi a kan 'yan ƙalilan masu zuwa Makka da Urushalima, ba su da uzurin hana motar ruwa da jami'an lafiya ga dubban talakawan da suka taru a cikin jiharsu, ko taron coci ne ko na Mauludi, domin kiyaye annoba haƙƙin hukuma ne.

Mai zuwa taro shi ma yana da nasa nauyin. Ya zo da tabarmarsa da bargo da gidan sauro da bokiti da buta da tocila da maganin da ya saba sha, kada ya zama kaya a kan wani. Ya haƙura da minsharin maƙwabci da kukan jariri, ya ba tsoho da mai ciki wurin da ke kusa da ƙofa. In ya ga abin da ba daidai ba ya faɗa wa dattawa da ladabi a lokacin, maimakon ya ƙulle shi ya kai gida ya yi ta yi da mutane. Ranar tashi kuma ya tuna makarantar nan aro ce, yaran da za su dawo cikinta 'ya'yan Musulmi ne da na Kirista, kuma abin da za su tarar a ajinsu da bayan ajinsu shi ne wa'azin da mutanen garin za su fi tunawa da shi.

A ƙarshen kowane taro akwai al'adar sakatare ya miƙe ya karanta rahoto: mutum kaza suka halarta, baiko ya kama naira kaza, mutum kaza suka tuba, jama'a ta yi tafi. Ina roƙon a ƙara layi uku a wannan takarda, a karanta su da murya ɗaya da sauran: ruwa nawa aka tanada, masai nawa aka haƙa, mutum nawa suka kwanta ciwo. Sakataren da ya san zai karanta waɗannan a gaban iyayensa mata ba zai jira ana jibi taro kafin ya nemi masu haƙa ba, jama'a kuma za ta ci gaba da kwana a tabarma da zuciya ɗaya, tana sane da cewa abin da ya rage na wahala nata ne, ita ta zaɓe shi saboda Allah. Allah Ya ba shugabanninmu basirar rarrabe haƙurin da ake nema daga mabiya da haƙƙin da mabiya suke bin su, amin.